Wasan sitiyari: Gyaran da ake ɗagewa a ofis, a gamu da shi a hanyar Lafiya

Kusan kowace safiyar Litinin, motocin a-kori-kura masu lambar gwamnati kan kutsa cunkoson Nyanya da Mararaba, su wuce Keffi da Akwanga, su nufi Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa. Cikinsu akwai jami'an sa ido kan ayyuka, da ma'aikatan lafiya, da masu binciken kuɗi, da hadiman 'yan majalisa masu zuwa duba ayyukan mazaɓu. Da yawansu ba a Lafiya tafiyar ke ƙarewa ba. Daga nan wasu kan karkata zuwa Doma, wasu Obi da Keana da Awe, wasu kuma su bi hanyar Shendam ta Assakio, kuma da zarar an sauka daga manyan tituna, sai burji da gargada da ramukan da damina ta bari.

Wannan tafiya mai fuska biyu, gudu a kan kwalta da jijjiga a kan burji, ita ce ke cin wani sashe na mota da fasinja bai cika tunawa da shi ba, wato akwatin sitiyari. Yana ƙarƙashin mota, a ɗaure da shasi, kuma lalacewarsa ba ta zuwa da hayaniya. Sannu a hankali yake saki, direba yana sabawa da shi, har ranar da za a buƙaci mota ta kauce wa wani abu cikin ƙiftawar ido.

Hanya ta gyaru, gudu ya ƙaru

An mayar da hanyar Keffi zuwa Akwanga da Lafiya da Makurɗi tagwaye, aikin da kamfanin China Harbour ya yi, kuma a watan Fabrairun 2025 aka fara karɓar kuɗin shinge a kanta. Matafiya sun samu sauƙi, amma sauƙin ya zo da nasa sharaɗi. Motar da a da ramuka ke tilasta mata tafiya a hankali, yanzu tana iya sheƙa kilomita 100 a awa ɗaya. A irin wannan gudu, mota na cin kusan mita 28 a cikin daƙiƙa guda. Idan direba ya murɗa sitiyari, tayoyi suka yi jinkirin rabin daƙiƙa kafin su amsa, an riga an shafe mita 14 ba a kan layin da ya nufa ba.

Tsakanin Akwanga da Lafiya kuma akwai gangaren tsaunukan Eggon, wanda tsofaffin direbobi suka yi wa laƙabi da Many Have Gone, wato da yawa sun tafi. Faɗaɗa hanya ya rage haɗarinsa, sai dai tudu da kwana suna nan, kuma manyan motoci masu dakon doya da siminti da mai suna bin sa dare da rana. Alƙaluman Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa sun nuna mutum 5,421 ne suka rasu a haɗurran mota a Najeriya a 2024. Gudun wuce kima ne ke kan gaba cikin dalilan da hukumar kan lissafa, kuma ƙwacewar mota na cikin jerin. Mota na ƙwacewa ne da sauƙi idan abin da ke haɗa hannun direba da taya ya saki.

Abin da ke cikin akwatin

Aikin akwatin sitiyari shi ne mayar da juyin da direba ke yi da hannu ya zama turi zuwa dama ko hagu a kan tayoyin gaba. Sandar da ta sauko daga sitiyari tana shiga akwatin ta haɗu da wani ƙarfe mai zare irin na kusar noti. A kan zaren akwai wani dunƙulen ƙarfe da ke tafiya gaba da baya, kuma tsakaninsu ƙananan ƙwallayen ƙarfe ne ke zagayawa don rage gogayya. Dunƙulen yana da haƙora waɗanda ke cizon haƙoran wata sanda ta biyu mai kauri, wadda ke leƙowa ta ƙasan akwatin. A bakin wannan sanda ake ɗaura hannun ƙarfen da kanikawa ke kira fitman, shi kuma yake jan sandunan da suka isa ga tayoyi. A motocin da ke da fawa, famfo ne ke tura mai da ƙarfi cikin akwatin don ya taya direba murɗawa.

Tsarin tsoho ne. Kamfanin General Motors na Amurka ya sa shi a motar Cadillac tun 1940, kuma har yau ana riƙe da shi a motocin aikin ƙarfi saboda yana jure duka. Shi ne a jikin a-kori-kurar Land Cruiser 79 da hukumomin tsaro da ƙungiyoyin agaji ke amfani da ita, da tsofaffin Hilux masu jan ƙafa huɗu, da tsohuwar Nissan ta shekarun 1990, da ƙananan motocin dako irin su Dyna da Canter. Hilux kuwa, daga ƙirar 2005 zuwa sama, ta koma wani tsari da kanikawa ke kira rak, mai doguwar sanda mai haƙora a kwance. Wannan bambanci yana da amfani ga mai duba takardar gyara: idan aka kawo lissafin sayen akwatin sitiyari na sabuwar Hilux, ko sayen rak na Land Cruiser 79, akwai tambayar da ya kamata a yi kafin a sa hannu.

Yawancin tuƙi a miƙe ake yin sa, don haka tsakiyar haƙoran ce ke fara cinyewa. Ramuka na ƙara abin, domin duk dukan da taya ta sha yana hawowa ta sanduna ya sauka a kan haƙoran. Ruwan damina, wanda a yankin Lafiya kan kama daga Afrilu zuwa Oktoba, da ƙurar rani, suna cin robar da ke tare mai. Mai ya fara ɗiga, ana ƙarawa da duk irin wanda aka samu a bakin hanya, ciki kuma yana ci gaba da goguwa.

Alamomin da direba ke gani

Alama ta farko ita ce wasa: a juya sitiyari dama da hagu, tayoyi ba su motsa ba. Littafin gyaran Toyota na Hilux ya ƙayyade iyakar wannan wasa a milimita 30 a gefen sitiyari, wato kimanin faɗin yatsu biyu. Abin da ya haura haka ya zama matsala. Fasinjan da ke zaune a gaba yana iya lura da alama ta biyu da idonsa: a kan miƙaƙƙiyar hanya mai santsi, hannun direba ba ya hutawa, yana ta gyara mota dama da hagu kamar mai tuƙa kwalekwale. Sauran alamomin sun haɗa da ƙarar ƙarfe idan an faɗa rami, da jan mai a ƙasan mota inda ta kwana, da kukan famfo idan an murɗa, da sitiyarin da ba ya komawa tsakiya da kansa bayan an sha kwana.

Duk da haka, ba kowane wasa ne laifin akwati ba, kuma a nan ake asarar kuɗi mai yawa. Kawunan tayarod, da boljoyin, da hannun da ke tallafe sanda a ɗaya ɓangaren shasi, da mahaɗar sandar sitiyari, da boris ɗin taya, kowannensu na iya kawo irin wannan wasa, kuma dukkansu sun fi akwati araha nesa ba kusa ba. Gwajin da ke raba gardama mutum biyu yake buƙata da minti goma. A ajiye mota a wuri mai daidai, tayoyi a ƙasa, inji yana aiki idan mai fawa ce. Ɗaya ya riƙa kaɗa sitiyari kaɗan-kaɗan, ɗayan ya leƙa ƙasa. Idan sandar da ke shiga akwati tana juyawa amma fitman bai motsa ba, ciwon na cikin akwati. Idan fitman na motsi amma taya ba ta bi ba, a nemi laifin a sanduna. Idan kuwa akwatin gaba ɗaya ne ke rawa a jikin shasi, to notinansa sun kwance, ko kuma shasin ya tsage a wurin, wanda ya fi komai muni.

Bakaniken da ya yanke hukuncin canza akwati daga jin bayanin direba kawai, bai shiga ƙarƙashin mota ba, hasashe ya yi.

Notin da ke ruɗar mutane

A saman akwatin akwai wata ƙaramar kusa mai noti, wadda aka tanada don daidaita cizon haƙora. A gareji da yawa, daga Apo a Abuja har zuwa na bakin hanyar Makurɗi a Lafiya, ita ce hanyar gaggawa: a sassauta noti, a murɗa kusa, wasa ya ɓace, direba ya tafi yana murna. Idan cinyewar kaɗan ce, kuma aka yi daidaitawar bisa ma'auni, gyara ne halattacce da kamfani ya yarda da shi.

Matsalar tana zuwa ne idan haƙoran sun riga sun ci sosai a tsakiya. Murɗa kusa har wasan tsakiya ya ɓace yana nufin an matse gefunan da ba su cinye ba. Sakamakon shi ne sitiyari ya yi daidai a miƙe, amma ya cije idan an shiga kwana, ya ƙi dawowa sai an fizgo shi. An kawar da alamar da ke gargaɗi, an kawo haɗarin da ya fi na farko. Motar da aka ɗaure wa wannan kusa sau biyu ko uku wasan yana dawowa, ko wadda sandar ƙasan akwatinta ke rawa gefe da gefe, ko wadda ke zubar da mai bayan an sauya roba, ta kai lokacin canji.

Akwai kuma abin da bai kamata a yarda da shi ba ko da wasa: walda a jikin fitman ko sandar akwati, da gasa su da wuta don a miƙe su. Ƙarfen an dafa shi ne a masana'anta don ya yi tauri daidai gwargwado. Wuta na kashe wannan tauri, kuma irin wannan ƙarfe ba ya lanƙwasa ya ba da sanarwa, karyewa yake yi.

Sabo, gyararre ko Beljiyam

Tun da aka saki Naira a kasuwar canji a watan Yunin 2023, farashin kayan gyaran mota ya yi tashin gwauron zabo, kuma kuɗin gudanarwa na ofisoshi bai bi shi ba. Wannan ya sa zaɓi ya zama uku: sabon akwati daga dillalin kamfani, ko wanda aka kwance aka sauya kayan cikinsa, ko na hannu da aka ciro daga motar da ta gama aiki a ƙasar waje, wanda 'yan kasuwa ke kira Beljiyam ko Tokumbo. Na huɗu, wanda ba a faɗar sunansa a rasit, shi ne jabu a cikin kwalin da ya yi kama da na asali. Irin waɗannan kaya ba kasafai ake ajiye su a shagunan Lafiya ba, yawanci sai an aika Apo, ko Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Ladipo a Legas, ko Nnewi. Mai biyan kuɗi ba ya ganin kayan sai sun iso a motar haya.

Na hannu ba laifi ba ne idan an duba shi. A juya sandar shigarsa da hannu daga wannan ƙarshe zuwa wancan: ya kamata ta tafi sumul, ta ɗan yi nauyi kaɗan a tsakiya, ba tare da tsalle ko cijewa ba. A duba tsagin bakin sandar ƙasa. Idan ya murɗe ko kaɗan, akwatin daga motar da ta yi karo ya fito. A kuma nemi sharaɗin mayarwa a rubuce.

Sannan akwai batun hannu. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilun 1972, shi ya sa sitiyarin motocinmu ke hagu. Amma yawancin a-kori-kurar da ake wargazawa a Japan da Ingila da Tailan da Afirka ta Kudu masu sitiyari a dama ne, kuma akwatinsu kishiyar namu ne, kamar takalmin ƙafar dama da na hagu. Ba ya zama a mazauninsa sai an huda shasi ko an yi walda, kuma irin wannan juyi na daga abin da hukumomin hanya suka daɗe suna gargaɗi a kai. Maganin abu ne mai sauƙi: a sayi kaya da lambar shasin motar, ba da sunanta da shekararta kawai ba. Araha ba ta ado, in ji Hausawa, balle a abin da rai ya rataya a kansa.

Yadda aikin ƙwarai yake

Canza akwati aikin wuni guda ne ga wanda ya san shi kuma yake da kayan aiki. Ana farawa da miƙe tayoyi, a cire kan batir, a ɗaure sitiyari kada ya juya. Wannan ɗauri yana da dalili: a motocin da ke da jakar iska, akwai wata siririyar waya a naɗe a bayan sitiyari, wadda ke tsinkewa idan ya yi ta juyawa babu akwati, jakar da ham su daina aiki. Daga nan a tsiyaye mai, a kwance tiyo biyu, na turawa da na dawowa, a toshe bakinsu kada ƙasa ta shiga. A yi alama a mahaɗar sanda kafin a raba ta.

Wurin da ake gane gwani shi ne cire fitman. Shekaru na aiki kan sa ya kama sanda kamar an haɗa su tun asali, kuma akwai na'urar zarewa mai ƙugiya da aka ƙera don wannan aiki. Inda babu ita, guduma da wutar mai walda ake komawa, a lalata fitman ɗin da za a mayar. Bayan an kwance notinan da ke riƙe akwati, wajibi ne a goge shasi a duba ko akwai tsaga a kewayen ramukan.

Kafin a ɗora sabo, sai an nemo tsakiyarsa: a ƙirga juyi daga ƙarshe zuwa ƙarshe, a dawo rabi. Idan aka tsallake wannan, mota za ta fi shan kwana a hannu ɗaya. A daidaita alamar fitman da ta sanda, a ɗaure kowane noti da sifana mai ma'auni gwargwadon abin da littafin kamfani ya rubuta, a sa sababbin fin a inda ake sa su, ba ƙusa ko guntun waya ba. Tsohon mai kuma a wanke shi daga famfo da tiyo, domin garin ƙarfen da ya kashe akwatin farko yana cikinsa. Ga waɗannan motoci na Toyota, man giya nau'in Dexron ake zubawa, kuma ana rubuta nau'in a murfin tulun ko a littafin mota. Man birki ba ya shiga nan ko da kuskure, domin robobin ciki yake kumburawa.

Mataki na gaba shi ne fitar da iska. A ɗaga gaban mota, a juya sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe sau da yawa inji a kashe, ana cika tulu, sannan a tayar da inji a maimaita har kumfa ta ɗauke. Ƙarshen aiki shi ne awon daidaiton tayoyi da gwaji a kan hanya. Motar da aka miƙa makullinta ba a yi waɗannan biyu ba, ba a gama gyaranta ba.

Inda takarda ke shigowa

Tun bayan tsarin mayar da alawus-alawus kuɗi na 2003, zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, motocin da suka fi yawa a hannun ma'aikatu da hukumomi su ne na haɗaka da na ayyuka. Mota ce ta kowa, kuma abin kowa shi ne wanda ba a cika samun mai tsaya masa ba. Direba ne kaɗai ke jin wasan sitiyari a hannunsa, shi ne kuma mafi ƙarancin murya a ofis. Idan ya yawaita ƙorafi, a zarge shi da neman na goro a wurin bakanike. Idan ya yi shiru, fayil ba ya buɗuwa. Idan an buɗe, yana iya kwana a tebur ana jiran kuɗin gudanarwa, alhali takardar tafiya ta riga ta fito.

Dokar Sayen Kayayyakin Gwamnati ta 2007 ta tanadi a nemo farashi daga aƙalla 'yan kasuwa uku a ƙananan sayayya. Tanadin yana da kyau, amma yana aiki ne idan ukun abu ɗaya suke sa wa farashi. Takardar da ta ce “gyaran sitiyari” kawai tana ba mai ɗaure kusa damar doke mai kawo sabon akwati, tunda nasa ya fi araha. Jami'in sufuri ko hadimin da ke bin fayil zai taimaki kowa idan ya tabbatar takardar ta faɗi abin da gwaji ya nuna, da lambar kayan, da ko sabo ne ko na hannu, da tsawon garanti, da cewa awon tayoyi na cikin kuɗin. A dawo da tsohon akwati sito, domin shi ne shaidar cewa an canza, ba wankewa aka yi aka fesa baƙin fenti ba. A rubuta ranar gyara da adadin kilomita a littafin zirga-zirgar mota, don direba na gaba da mai binciken kuɗi su san inda aka kwana.

Sama da duka, ofis na buƙatar ƙa'ida ɗaya da ba ta cin ko kwabo: direba na da ikon cewa wannan mota ba ta kama hanya yau, kuma faɗin haka ba zai zame masa laifi ba. Taron da za a makara ana iya ɗage shi, ana iya aron motar wani sashe.

Hanyar Lafiya ba ta motocin gwamnati kaɗai ba ce. Ranar kasuwar Agyaragu, tsofaffin a-kori-kura maƙare da doya, da 'yan acaɓa, da ɗalibai masu komawa Jami'ar Tarayya ta Lafiya, duk suna kan kwalta ɗaya. Motar da ta ƙwace ba ta zaɓar wanda za ta hau. Kafin tafiya ta gaba, duk wanda sunansa ke cikin takardar tafiyar yana iya tsayawa a farfajiyar ofis ya roƙi direba ya kaɗa sitiyari, shi kuma ya zuba wa tayar gaba ido. Idan sitiyari ya yi tafiyar da ta wuce yatsu biyu taya ba ta motsa ba, gareji ya kamata motar ta fara zuwa.